Gwaggon Mahdiya da Bidon Angonta

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a zaune a kan tabarmarta, bayan ta sha kununta ta kuma yi faɗa da mai kawo mata gawayi. Matar da ke haya a ɗakin da ke kusa da nata ce ta leƙo aron ludayi, ta gan ta jingine da bango, ta ɗauka gyangyaɗi take yi. Ta yi sallama, ta faɗi abin da ya kawo ta. Da ta ji ba a tambaye ta inda ta kai wancan ludayin da ta ara ba, sai jikinta ya yi sanyi.

Kafin azahar lungun nan na unguwar Mahdiya, a garin Sabha, ya cika maƙil. Direbobin manyan motocin da ke ratsa sahara suka zo, leburorin gini suka baro aiki da siminti a ƙafafunsu. Wani dattijo Batube mai fataucin raƙuma ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama, yana ta maimaitawa da Hausarsa ta kasuwa: "Tsohuwa ya tafi. Shi zagi ni, shi ba ni tuwo. Kullum haka." Maƙwabciyarta Balarabiya, wadda suka yi shekara da shekaru suna rigima a kan inda za a zubar da ruwan wanke-wanke, ita ta kawo tukunyar makaroni mafi girma, ta zauna a cikinmu tana kuka har mu muka koma ba ta haƙuri. A wajen mata kuwa, da aka yi addu'a aka shafa, sai zaman ya koma gasa. Kowace tana faɗin sunan tsiyar da Gwaggo ta raɗa mata, wadda ba a taɓa zaginta ba sai ta ji kamar baƙuwa ce a wurin.

Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, abin da ya fara sauka a zuciyata sauƙi ne. Babu abin da Gwaggo take tsoro irin doguwar jinya a ƙasar mutane. Ta sha ce mana, "Ni dai roƙona kada in kwanta ku riƙa juya ni kamar masa, kuna toshe hanci kuna cewa Allah ya ba da lafiya." Allah ya karɓi roƙonta. Ba ta kwanta ba, ba ta ɗora wa kowa nauyi ba, kuma mutanen da suka sallace ta sun fi waɗanda za ta samu a garin da aka haife ta.

Bayan sadakar uku muka shiga kwashe ɗakinta. Wata matashiya da ba ta daɗe da zuwa Sabha ba ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, ta riƙe shi da yatsu biyu, ta ce, "Wannan tarkacen fa, na bola ne?" Bido ne, wato ƙaramar jarkar ruwa irin wadda matafiya ke naɗewa da buhu, amma an ɗinɗinke jikinsa da marafan kwalba da zif da guntun fata da wasu abubuwan da ba su da suna. Na karɓe shi daga hannunta da sauri har ta tsorata. Saboda shi na zauna rubuta wannan, domin mutane da yawa bakin Gwaggo kaɗai suka sani.

Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, mu duka mutanen Damagaram ne. Tun da ƙuruciyarta ta biyo mijinta direba zuwa Sabha, ya rasu ya bar ta a nan, ba ɗa ba jika. Dangi suka yi ta aiko mata ta koma gida. Ta ce lokacin da ta ratsa yashin nan ba ta san shi ba ne, yanzu kuwa ta san shi, a ƙyale ta. Ta kafa tukunya a ƙofar ɗakinta tana sayar da tuwo da miyar kuka, har ya zama duk wanda ya sauka daga mota da Hausa a bakinsa, gidanta ake fara nuna masa.

Na ga yadda take karɓar sababbin zuwa. Mutum ya iso leɓe a fashe, ido ya faɗa, ƙafa ba ta ɗaukarsa. Sai ta hana shi kwankwaɗar ruwa, ta jiƙa masa gishiri da sukari ta riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan, tana yi tana masa tatas: "Uwarka ta san inda kake? Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige." In ya farfaɗo ya fara godiya sai ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ya tare mata iska.

Mu mun zo ne a shekarun da aka buɗe wa baƙi ƙofar ƙasar, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na cewa Afirka ƙasa ɗaya ce, aka kakkafa manyan alluna masu taswirarta a bakin tituna. Motoci suna shigowa da mutane a zaune a kan kaya, ƙafafu na reto. Gwaggo takan saurari rediyon tana tuƙa tuwo, ta ce, "To madalla. In an gama haɗe ta, a aiko wani ya share tsakiyar."

Ba ta zubar da komai. Matafiyi in ya iso Sabha yakan yar da bidonsa kamar wanda ba ya son sake ganinsa, ita kuwa ta bi ta tsince, ta wanke, ta jibge a bayan ɗaki don masu komawa. Ga gwangwanayen tumatir, ga marafan kwalba, ga safa mai ƙafa ɗaya, ga ledoji a ninke. Mun sha yi mata tsiya a kan haka. Amsarta ba ta sauyawa: "Ku da kuka zo da ƙulli ɗaya, har kun samu abin zubarwa?"

A unguwar Gurda, nan cikin Sabha, na haifi ɗana na fari. Maigida yana aiki a wata gonar dabino a Zighan, sai ranar Alhamis da yamma yake dawowa, ya koma ranar Asabar. Ni kuma ina aiki a gidan wasu Larabawa, shara da wanki da guga. Uwargidan ba muguwa ba ce, ita ta yarda in riƙa zuwa da yaro. Amma falonta cike yake da kayan gilashi, kofuna masu bakin zinare da fitilu da furannin tangaran, ni kuwa tsoron fashewarsu ya fi ƙarfina. Yaro yana bayana tun safe har la'asar. In na sauke shi a kusurwar kicin ya miƙa hannu, sai in ce, "Bari." Yaro ne mai jin magana, ya bari.

Ga shi kuma ɗan fari. A gidanmu uwa ba ta wasa da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa da sha'awa a gaban mutane. Haka aka yi mini tarbiyya, kuma na riƙe ta da kyau, har ina jin daɗi in mata sun ce wance akwai kunya.

Bayan an yaye shi abin ya fito fili. Yana tafiya, yana ji, idonsa yana bin komai, amma hannayensa kullum suna cuse a hammata. Ko dabino aka miƙa masa ba ya karɓa, sai dai ya buɗe baki. In ya yi tuntuɓe ba ya kai hannu, da goshi yake sauka, goshin nan bai taɓa rabuwa da ƙulu ba. Mun kai shi asibiti, likita ya lanƙwasa yatsun ya miƙar, ya ce lafiyarsu lau, a bar shi ya yi wasa da yara. Wane yara? Matan Gurda kuwa suka ce tunda likita bai ga komai ba, ai magana ta fito, iska ce. Labari ya hau mota ya sauka a Damagaram.

A wancan lokacin, da kaset ake aiko da saƙo. Surukata ta yi magana a cikin ɗaya ta ba wani direba. Ranar Juma'a maigida ya saka shi a rediyo muka zauna muka ji. Bayan doguwar gaisuwa ta ce a aiko mata da jikanta. An yaye shi, dama al'ada ce yaro ya je wurin kaka, kuma a gida akwai malaman da suka san irin wannan.

Maigida ya kashe rediyon ya ce, "Inna ta yi magana."

Ina da ƙaramin ciki a lokacin, ba zan iya hanya ba. Ma'anar maganar ita ce a ɗora ɗana a bayan wata mata da ban sani ba, a kan kaya, a ratsa da shi yashin da na ga abin da ya yi wa manya masu ƙarfi. In Allah ya kai shi lafiya, sai ya yi wayo bai san fuskata ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da bakin cewa a bar mini shi. Uwa ta buɗe baki ta yi gardama a kan ɗan fari? Na tashi na shiga wanke kwanukan da na riga na wanke.

Babu wanda ya san direbobi kamar Gwaggo, don haka wurinta maigida ya kai mu ta samo masa amintacce. Da ma sai da salla muke zuwa gaishe ta, yaro na barci a baya, ba ta taɓa ganinsa a ƙasa ba. Ta saurari ɗan yayanta har ya gama tana ta tuƙinta. Sannan ta ce mini, "Sauke mini angon nawa in gan shi."

Na kwance goyo. Ta miƙa masa dabino. Ya kalli dabinon, ya juyo ya kalle ni, ya ƙara cusa hannu a hammata.

"Me ya sa ke yake kallo?" in ji ta.

Na sunkuya ina ninke zanen goyo. Ta juya wurin maigida ta ce, "Direban babbar motar da na yarda da shi ba zai tashi ba sai an gama yankan dabino. Kafin nan a riƙa kawo mini shi kowace safiya. Ba a kai mini miji tafiya ban san halinsa ba. Kaset ɗin kuma bar mini shi, in ji muryar matar yayana." Duk dangi sun san ita da surukata tun suna 'yan mata ba sa ga maciji da juna, amma maigida bai ga laifin roƙon ba, ya miƙa mata.

Washegari da na kawo shi ta tare ni tun daga ƙofa.

"Ke 'yar nan, da wa yaron nan yake wasa?"

"Gwaggo, ɗan fari ne fa."

"Na san ɗan fari ne, ba a kasuwa na ji ba. Kunyar nan da kika ɗauko daga Damagaram, da kika tashi ɗaukowa ai sai ki haɗo da kakannin. A can in uwa ta kau da kai, hannu goma ke ɗaukar yaro, wannan ta cilla shi sama, waccan ta ba shi ludayi ya buga. A nan in kin kau da kai, bango ne ke kallonsa. A wurin shugul, can gidan aikinki, ki ce masa bari, a gida ki yi masa kunya. To ya bari, me kuma kuke so?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ba ni na ƙirƙiro al'ada ba, kuma ba ita za a kora ba in kofin Balarabiya ya fashe. Ta ce ashe ina da baki, da ma a kan ɗana na yi amfani da shi. Na tafi Gurda ina hawaye a hanya, ina rantsuwa ba zan sake taka ƙofarta ba. Da la'asar na dawo, tunda ɗana yana can.

Na same ta ta baje tarkace a tabarma. Ta zaɓo ƙaramin bido daga bayan ɗaki, ta wanke shi ciki da waje, ta zuba ƙwallayen dabino a ciki, ta ɗora wuƙa a wuta ta narkar da bakin marfin yadda ba zai ƙara buɗuwa ba. Buhun da ke jikinsa ta kwance ta wanke ta mayar. A kansa ta yi ta ɗinki da basilla kwana da kwanaki, tsakanin tukunya da tukunya. Marafan kwalba ta fara daddaka bakinsu da dutse don kada su yanki yaro, ta huda su da ƙusa ta jera a zare. Ta ciro zif daga yagaggiyar jakar wani direba. Ta ɗinka guntun fatar ragon layya mai gashi a gefe ɗaya, soson bishiyar dabino mai kaushi a ɗaya gefen. Ta naɗe leda mai ƙara a cikin ƙyalle, in an matsa ta yi ƙaras-ƙaras. Har wurin Balarabiyar da suke gaba ta je ta karɓo guntun karammiski, ta dawo tana cewa ta yi sulhu ne na rana ɗaya. A ƙasa kuma ta ɗinka tsohuwar safa, bakinta a buɗe kamar aljihu, kullum ta jefa dabino ɗaya a ciki.

Kaset ɗin surukata shi ta bari a ƙarshe. Ina kallo ta zare zarensa kaf ta cusa a murhu, ta ɗinke gidan a jikin buhun yadda ƙafafun nan biyu masu naɗe zaren za su riƙa juyawa in an sa yatsa. Na dafe ƙirji. Ta ce, "Yau dai matar yayana ta yi amfani."

Duk abin da ta ɗinka sai ta kama shi da haƙori ta ja. Ta ce abin da haƙorinta bai cire ba, na angonta ba zai cire ya haɗiye ba. Na tuna mata cewa haƙoran nata sun fi ƙarfin ƙirga, don babu abin ƙirgawa. Ta ce waɗanda suka saura su ne jarumai, shi ya sa suka saura. Ranar muka fara dariya tare tun bayan faɗanmu.

Ta kafa doka. Kada wanda ya ce wa yaro "ɗauka", kada wanda ya kama hannunsa ya ɗora, kada wanda ya zuba masa ido. Ta ajiye bidon a tsakiyar tabarma, ita ta riƙa wasa da shi. Tsohuwa mai furfura ta zauna tana jan zif sama da ƙasa, tana girgiza ƙwallaye, tana shafa gashin rago a kumatunta, masu cin tuwo suna leƙowa suna ƙyaƙyata dariya. Ko a jikinta. Tana yi tana tsokanarsa: "Angon banza, ko goro ba ka saya mini. Wannan nawa ne, kai ba ka da irinsa."

Shi kuwa sai kallo. Dabino ya fara ja a kan bishiya, ya nuna, aka fara yanka. Kowace Alhamis maigida ya dawo da tambaya ɗaya, kowace Alhamis hannayen suna inda suke. Na fid da rai. Na fara ɗinka masa riguna masu kauri na tafiya, ina ɗinki ina jin kamar likkafani nake haɗawa, ina istigfari.

Sai wata rana Gwaggo ta ce mini bidon yana tafiya. Ta ajiye shi a tsakiya ta fita wurin tukunya, ta dawo ta same shi a jikin bango, zif a buɗe, dabinon safa ya ɓace. Wani lokaci tana waje sai ta ji ƙwallaye suna kaɗawa. Da ta ɗaga labule sai tsit, yaro a zaune, hannu a hammata, yana kallonta kamar ba shi ba.

Ta gaya wa maigida. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ji kika yi, ba ki gani ba. Kyanwa ma tana iya ture bido. Inna tana jira, me zan ce mata?" Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, mutum ne da ya rasa inda zai sa kansa tsakanin uwarsa da ɗansa, kuma shi ma a tsorace yake. Gwaggo dai ta hana shi tuwo ranar, ta ce ya je kyanwar ta ba shi.

Aka gama yankan dabino. Ranar Alhamis da maigida zai dawo na nemi izini a wurin aiki na zo Mahdiya tun da hantsi, don in ƙara zama kusa da yaron. Na tarar Gwaggo tana kwaɓa lalle a murfin kwano, mai kauri. Ta ce, "Tunda ubansa ido yake so, za mu ba shi abin gani." Ta ɗebi lallen ta shafe cikin safar nan da shi, ta jefa dabino a can ƙasa, ta ajiye bidon a gabansa. Ta ja ni waje ta saki labule, muka zauna a gindin bango.

Mun daɗe ba mu ji komai ba. Sai ga ƙaras-ƙaras na leda. Sai zif, a hankali, ya tafi ya dawo. Sai ƙwallayen dabino suka kaɗa, da ƙarfi, aka sake, aka kuma sakewa, da wata 'yar dariya da ban taɓa ji ba. Na yunƙura zan tashi, Gwaggo ta damƙe mini wuyan hannu. Ban san tsohuwa tana da irin wannan ƙarfin ba. "Zauna," ta ce a hankali. "In kin shiga zai bari." Na zauna ina sauraron ɗana yana wasa, hawaye na zuba mini a cinya. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini daɗi irin ta waɗannan ƙwallayen ba.

Can sai ɗakin ya yi shiru, yaron ya kai ga safar. Gwaggo ta ce a ba lalle lokaci ya kama, ta tashi ta ci gaba da kwashe tuwonta kamar babu abin da ke faruwa. Da muka shiga yana zaune yadda ya saba, sai dai gefen rigarsa duk ya ɓaci. Ta fara duba bakinsa ta ga dabinon kaɗai ya ci, sannan ta wanke masa hannu. Yatsun dama sun yi ja har zuwa tafi.

Ta ce kada in ce wa maigida komai, yaro ya kwana a wurinta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zo tare, shi yana riƙe da ƙullin rigunan da na ɗinka. Ya tsuguna zai shafa kan yaron, idonsa ya sauka a kan jan da ke leƙowa daga hammata. Ya zaro hannun ya duba, fuskarsa ta sauya.

"Wa ya yi wa ɗana lalle? Namiji ne fa, Gwaggo."

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan," in ji ta. "Sa hannunka a safar can."

Ya sa, ya fito da busasshen lalle a yatsunsa. Ya kalli nasa, ya kalli na yaron.

"Ko kyanwar ce ta kama hannunsa ta tura?" ta ce. "Zauna nan, ka juya masa baya. Ke ma juya. Wanda ya waiwaya ba zai ƙara cin tuwona ba."

Muka zauna mu uku muna kallon bango kamar masu laifi. Ana ta hayaniya a lungu, masu dawowa daga masallaci suna gaisawa. Ina ganin jijiyar wuyan maigida tana motsi. Har na fara tsoron yaron ba zai yi ba a gabanmu. Sai ƙafar kaset ta fara juyawa, ƙir-ƙir-ƙir, sannan ƙwallaye suka kaɗa.

Maigida bai waiwaya ba. Ya rufe fuskarsa da hannun nan mai lalle, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu murya ya ce, "Gwaggo, ki gaya wa direban ya ba wani wurin da ya ajiye wa yaron. Ni zan yi wa Inna magana da kaina."

"Wane direba?"

Ya ɗago ya kalle ta.

"Ni in ba da angona ga yashi? Ban yi magana da kowa ba, kuma da ka matsa sai in ce motar ta lalace."

Ya yi dariya har ya kasa tashi, yana share ido da hannun riga. Ni nauyin da na yi watanni ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka gaba ɗaya, har na ji yunwa. Gwaggo ta zuba mana tuwo tana mita wai mun cinye mata riba.

Da za mu tafi na ɗauko zanen goyo, ta fizge shi ta zauna a kai. "Yana da ƙafa," ta ce. "Riƙe hannunsa." Ga maigida a tsaye, ga direbobi a zaune a ƙofa da kwanuka a gabansu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsuguna, na miƙa tafin hannuna, na kira sunansa. Ya daɗe yana kallona, yana jiran kalmar da ya saba ji. Da bai ji ta ba, ya zaro jajayen yatsun nan ya ɗora a kan nawa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin bakinta saboda aikin hannunta, ya yalwata mata makwancinta a wannan ƙasar da ta ƙi bari. Ni na haifi yaron nan, ni na goya shi, amma sai a ƙofarta na fara sanin ɗumin tafin hannunsa.